Aibin Mota Bayan Ciniki: Ina Ɗan Kasuwar Sabon Badun Zai Kai Kuka?

IBADAN – Sayen mota na cikin manyan cinikayyar da ɗan kasuwa ke yi a tsawon rayuwarsa, amma har yanzu Nijeriya ba ta da wani ofishi na musamman da aka keɓe domin raba gardama tsakanin mai saye da mai sayarwa idan aibi ya bayyana a jikin mota bayan ciniki ya faɗa. Wannan giɓi yana shafar kowa, sai dai ya fi tsanani ga irin 'yan kasuwar unguwar Sabo ta birnin Badun, waɗanda mota ke zama musu jari, kuma suka tashi cikin al'adar ƙulla ciniki da baki bisa amana.

Ga mai jigilar albasa, tumatir da wake daga Arewa zuwa kasuwannin Bodija da Sasa, ko mai dakon goro daga ƙasar Yarabawa zuwa Kano da Sakkwato, tsayawar mota na mako guda yana nufin ruɓewar kaya, da saɓa alkawari, da bashin da zai hau kan bashi. Idan kuwa ya tabbata cewa lalurar tana jikin motar tun kafin a saya, tambayar da ke biyo baya ita ce wa zai ɗauki asarar, kuma a gaban wa za a yi maganar.

Yadda Sabo ta saba raba gardama

An kafa unguwar Sabo a 1916 a matsayin mazaunin Hausawa, shekaru kaɗan bayan layin dogo ya haɗa Ikko da Kano, kuma ta bunƙasa ne a kan fataucin shanu da goro. Masanin nan na halayyar al'umma, Abner Cohen, wanda ya zauna a unguwar a farkon shekarun 1960 ya kuma wallafa littafinsa a kanta a 1969, ya bayyana yadda ake sayar da shanu masu ɗimbin daraja bashi ba tare da wata takarda ba, amma kuɗi na dawowa hannun masu su.

Sirrin abin shi ne maigida. Falke ya sauka a gidansa, ya ci, ya kwana, ya damƙa masa dukiyarsa. Dillalan maigida su sayar wa mahauta Yarabawa shanun bashi, shi kuma maigida ya tsaya a matsayin lamuni, ta yadda idan mahauci ya ƙi biya, nauyin yana wuyansa. Saboda haka dole ne maigida da dillalansa su san halin kowane mahauci, da yawan bashin da ke kansa, da ko ya taɓa cin amana. Wanda ya ci kuɗin wani sai duk kasuwa ta juya masa baya har ya biya. Idan magana ta gagara a tsakanin masu gida, sai a kai ta fadar Sarkin Hausawa.

Wannan tsari yana da abubuwa uku da duk wata hukumar sauraron koke ke nema: mai raba gardama da ɓangarorin biyu suka amince da shi, da hukunci cikin gaggawa ba tare da kuɗin lauya ba, da kuma horon da ke da ciwo, wato fita daga cikin amintattun kasuwa. Har ila yau yana da madogara a shari'ar Musulunci, wadda ta bai wa mai saye zaɓin mayar da haja idan ya gano tsohon aibin da ba a nuna masa ba. Malaman Malikiyya sun kuma yi bayani cewa sharaɗin kuɓuta daga aibi ba ya wanke mai sayarwa daga aibin da ya sani ya ɓoye.

Inda mota ta bambanta da saniya

Gogaggen dillali yana duban saniya ya gane lafiyarta daga idonta, da tafiyarta, da gashin jikinta. Mota kuwa tana iya sheƙi a waje alhali injinta ya sha ruwan ambaliya, ko an miƙe shasinta bayan mummunan haɗari, ko an mayar da mitar tafiyarta baya. Irin wannan aibi ba ya fitowa a gwajin minti goma daga Mokola zuwa Dugbe. Sai an ɗora kaya an kama hanyar Ilori zuwa Jebba sannan giya ta fara zamewa, inji ya fara zafi.

A shekarun 1970 da farkon 1980 matsalar ba ta kai haka ba, domin a lokacin ana harhaɗa motoci a cikin gida: Peugeot a Kaduna da Volkswagen a Ikko tun 1975, Leyland a nan Badun, Steyr a Bauchi, Fiat a Kano, da Mercedes a Inugu. Mai saye yana karɓar sabuwar mota daga wakilin kamfani tare da takardar garanti, ya kuma san ƙofar da zai buga idan ta ba shi matsala. Shirin gyaran tattalin arziki na 1986 da faɗuwar darajar naira suka sa sabuwar mota ta fi ƙarfin yawancin jama'a, kasuwa ta koma hannun tsofaffin motocin ƙetare, waɗanda Yarabawa ke kira tokunbo, Hausawa kuma ke ce musu 'yan Kwatano ko 'yan Beljiyam.

Motar da ta biyo wannan hanya takan ratsa hannu huɗu ko biyar kafin ta iso ga mai ita na ƙarshe: wanda ya saye ta a gwanjo a Amurka ko Turai, da wanda ya yi jigilarta, da wanda ya fito da ita daga hannun kwastan, da mai filin sayar da motoci, da dillalin da ya kawo mai saye ya karɓi la'adarsa. Idan aibi ya bayyana, kowa sai ya nuna na bayansa. Bugu da ƙari, yawancin waɗannan mutane ba sa ƙarƙashin wani maigida na Sabo, ba su kuma da abin da za su rasa idan unguwar ta juya musu baya. Horon da ya riƙe kasuwar shanu shekara da shekaru ba ya isa gare su.

Ko sabuwar mota ma ba ta tsira daga gardama ba. Kamfanoni da dama suna ba da garantin shekara 3 ko kilomita 100,000, duk wanda ya riga cika, amma bisa sharaɗin cewa a garejin da suka amince da shi za a riƙa yin sabis, kuma a kan lokaci. Ɗan kasuwar da ya canza baƙin mai a wurin bakanikensa na unguwa, ko ya ɗora wa motar kayan da suka wuce ƙa'ida, yana iya tarar da cewa garantin ya faɗi ba tare da ya sani ba. Haka kuma motar da aka shigo da ita sabuwa fil amma ba ta hannun wakilin kamfani ba, sau da yawa wakilin ba ya karɓar nauyinta.

Abin da doka ta tanada

Masu sayar da tsofaffin motoci sukan kafa hujja da karin maganar nan cewa kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Akwai gaskiya a ciki, domin ba a neman lafiyar sabuwar mota a jikin mai shekara goma. Sai dai doka ta bambanta tsakanin tsufan da kowa ke tsammani da aibin da ya hana mota yin aikin da aka saye ta dominsa.

Dokar saye da sayarwa da Jihar Oyo ta gada daga tsohuwar Jihar Yamma, wadda ita ma ta samo asali daga dokar Ingila ta 1893, ta ɗora wa wanda sayar da kaya sana'arsa ce nauyin kawo kaya masu inganci da suka dace da buƙatar da mai saye ya bayyana masa. Amma ta sassauta wannan nauyi a kan aibin da ya kamata mai saye ya gani a lokacin da ya duba kayan. Ma'ana, fasasshen gilashi ko ƙafar da ta cinye ba abin kai ƙara ba ne, amma ɓoyayyiyar lalurar inji tana iya zama.

Babban sauyi ya zo ne da Dokar Gasar Kasuwanci da Kare Haƙƙin Masu Saye ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a farkon 2019. Dokar ta tabbatar da cewa kowane ciniki yana ɗauke da garantin inganci ko da ba a rubuta shi ba, ta kuma bai wa mai saye damar mayar da kayan da suka gaza cika wannan sharaɗi cikin wata 3 da karɓarsu, ba tare da tara ba, domin a gyara, ko a musanya, ko a mayar masa da kuɗinsa. Hukumar da ke kula da dokar ta sha nanata cewa rubutun nan na “ba a mayar da kuɗi bayan biya” da ake bugawa a ƙasan rasit ba ya soke haƙƙin da doka ta bayar.

Wata 3 ba lokaci ne mai tsawo ba. Mutumin da ya shafe makonni yana aike da saƙon ban-baki ta hannun dillali, yana jin nauyin ɗaga murya saboda zumunci, yana iya farkawa ya ga wa'adin ya wuce.

Ƙofofin da ake da su

Ƙofa ta farko ita ce Hukumar Gasar Kasuwanci da Kare Haƙƙin Masu Saye ta Tarayya, wato FCCPC, wadda ta maye gurbin tsohuwar Majalisar Kare Masu Saye da aka kafa bisa Dokar Soja ta 66 ta 1992. Tana karɓar koke a ofisoshinta da kuma ta intanet, tana kiran ɓangarorin biyu domin sulhu, tana kuma da ikon ba da umarnin da ya zama wajibi a bi. Wanda bai gamsu da hukuncinta ba yana iya ɗaukaka ƙara zuwa kotun musamman da dokar ta kafa. Sai dai hukuma ɗaya ce ke sauraron koke a kan abinci, da tikitin jirgi, da wutar lantarki, da bashin wayar salula, don haka mota ɗaya ce kawai daga cikin ɗimbin ayyukan da ke gabanta.

Ƙofa ta biyu ita ce Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a, wadda gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta kafa bisa Dokar Soja ta 31 ta 1975, aka kuma naɗa Alhaji Yusuf Maitama Sule ya zama shugabanta na farko. Ita ce ainihin abin da Turawa ke kira ombudsman, kalmar da ta fito daga ƙasar Suwidin, inda aka fara kafa irin wannan ofishi a 1809. Hukumar tana da ofishi a kowace jiha, aikinta kyauta ne, kuma ikonta ya haɗa da kamfanoni masu rajista ko da masu zaman kansu ne. Amma tana da iyakoki da ya kamata ɗan kasuwa ya sani: dole a kai koke cikin wata 12, ba ta shiga maganar da ke gaban kotu, kuma shawara take bayarwa, ba ta da ikon tilasta biya. Mai sayar da mota a bakin titi wanda bai yi rajistar kamfani ba yana iya zamewa daga hannunta.

Ƙofa ta uku ita ce zauren sulhu na kotu, wanda Jihar Legas ta fara buɗewa a 2002, Kano ta bi sahu a 2009, Jihar Oyo ma ta kafa nata. A nan masu jayayya suna zama da ƙwararren mai shiga tsakani, idan sun daidaita a rubuta yarjejeniya, alƙali ya sa hannu, ta zama daidai da hukuncin kotu. Wannan hanya ita ce ta fi kusa da zaman da Sabo ta saba da shi, tare da ƙarin cewa abin da aka yanke yana da ƙarfin doka.

Akwai kuma ƙofar da mutane suka fi bugawa alhali ba ita doka ta tanada ba, wato ofishin 'yan sanda. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan saɓanin ciniki ko saɓa yarjejeniya kawai. In ban da inda aka yi zamba cikin aminci, kamar sayar da motar sata ko takardun jabu, wanda ya sa aka tsare abokin cinikinsa yana iya wayar gari shi ake ƙara a kan tauye haƙƙin ɗan Adam.

Yadda wasu ƙasashe suka yi

A Ingila masana'antar motoci ce da kanta ta kafa ofishin da ake kira The Motor Ombudsman a 2016. Masu ƙera motoci, da masu sayarwa, da gareji-gareji, da kamfanonin garanti suna shiga bisa raɗin kansu, su sa hannu a kan ƙa'idojin aiki da aka rubuta. Mai koke zai fara kai kukansa ga kamfanin, ya ba shi har mako 8. Idan ba a daidaita ba, sai jami'in ofishin ya duba takardun ɓangarorin biyu ya faɗi ra'ayinsa, wanda bai gamsu ba ya nemi hukuncin ƙarshe. Idan mai saye ya karɓi wannan hukunci, ya zama wajibi a kan kamfanin, idan kuma ya ƙi, hanyar kotu tana nan a buɗe. Mai saye ba ya biyan ko kwabo. Dokar ƙasar ta 2015 ta kuma ba shi kwana 30 na mayar da mota mai aibi ya karɓi kuɗinsa, sannan a cikin wata 6 na farko mai sayarwa ne zai tabbatar da cewa aibin bai kasance ba tun ranar ciniki. Raunin tsarin shi ne bai shafi wanda bai shiga ba.

Afirka ta Kudu ta toshe wannan kafa. Ofishinta na sauraron koken motoci, MIOSA, ya fara aiki a 2000 bisa yardar masana'antar, amma daga 2015 gwamnati ta amince da shi a ƙarƙashin Dokar Kare Masu Saye ta 2008, ta mayar da ƙa'idojinsa wajibi a kan duk mai harkar mota, tare da kuɗin da kowannensu ke biya domin gudanar da ofishin. Dokar ƙasar ta ba da wata 6 na gyara, musanya ko mayar da kuɗi, wato ninki biyu na wa'adin Nijeriya. Wanda ya ƙi bin shawarar ofishin ana miƙa batunsa ga hukumar kare masu saye ta ƙasa.

Abin da ya haɗa tsarin biyu shi ne masu duba koken sun san mota, kuma suna dogara ne a kan rahoton ƙwararren da ba ya cin moriyar kowane ɓangare. A rigimar mota, tambayar da komai ya rataya a kanta ɗaya ce: shin aibin ya riga ciniki, ko mai saye ne ya jawo shi? Dattijo mai adalci ba zai iya amsa ta da rantsuwa ko duban fuska ba, sai an buɗe inji an kuma sa kwamfutar gwaji.

Abin da ya rage

Nijeriya tana da ginshiƙan da za a iya ɗora irin wannan ofishi a kansu. Akwai Hukumar Tsarawa da Bunƙasa Masana'antar Motoci ta Ƙasa, akwai ƙungiyar dillalan motoci ta AMDON, akwai ƙungiyar kanikawa ta NATA, kuma dokar 2018 ta riga ta shimfiɗa haƙƙoƙin. Abin da babu shi ne ƙa'idojin cinikin mota a rubuce, da jerin amintattun masu gwaji, da wajabta wa dillalai bin hukunci.

Kafin a kai ga haka, shugabannin Sabo suna iya ɗaukar matakin da bai buƙaci sabuwar doka ba: zama da ƙungiyoyin dillalai da kanikawa na Badun a amince da wasu kanikawa da ɓangarorin biyu za su yarda da rahotonsu, a kuma riƙa rubuta duk sulhun da aka yi a fada, a kai shi zauren sulhu na kotu domin ya samu hatimi. Amfanin hakan ya wuce na aljihu. Cinikin mota a Badun yakan gudana tsakanin Bahaushe da Bayarabe ko Inyamuri, kuma rikicin kasuwar Sasa na watan Fabrairun 2021, wanda ya faro daga 'yar gardama tsakanin mutane ƙalilan ya ƙare da asarar rayuka da ƙone shaguna, ya nuna yadda ƙaramin saɓani ke rikiɗewa ya zama na ƙabilanci idan babu inda za a kai shi.

Shi kuwa mai saye, dukan ƙofofin da aka lissafa abu ɗaya suke fara tambaya, wato takarda. Rasit mai ɗauke da sunan kamfani, da kwanan wata, da lambar inji, da lambar shasi mai harafi da alƙalami 17, ita ce shaidar farko. Da wannan lamba ana iya sayen rahoton tarihin motar da ta fito daga Amurka ta intanet, a ga ko ta taɓa haɗari ko ambaliya, a kuma gwada mitar da ke jikinta da wadda aka rubuta a can. Duk alkawarin da mai sayarwa ya yi, kamar garantin inji da giya na wata ɗaya, a sa ya rubuta ya sa hannu a gaban shaidu, a haɗa da sunan dillali. Biya ta banki ya fi kuɗi hannu, domin yana barin sawu. A tafi da bakanike na kai, wanda ba shi da rabo a la'ada, don gudun cinikin biri a sama.

Idan aibi ya bayyana, a tsayar da motar, a ɗauki hoto, a sanar da mai sayarwa a rubuce a ranar, ko da ta saƙon waya ne, kada kuma a bari wani ya kwance inji kafin mai sayarwa ya gani, domin hakan yana rushe hujja. Daga nan a ba shi wa'adi ƙayyadadde. In ya cika bai motsa ba, a shigar da koke tun wata 3 ba su ƙare ba, ko da dattawa suna ci gaba da ƙoƙarin sulhu a gefe.